Kujerar da Ba Kowa a Kanta



A manyan tarukan PEN, ƙungiyar marubuta ta duniya, akan ajiye kujera guda a gaban zaure, ba mai zama a kai. Sai dai a jingina hoton wani marubuci da ke tsare, don mahalarta su tuna da wanda ya kamata a ce yana cikinsu.

Marubuciya Catherine Amy Dawson Scott ce ta kafa ƙungiyar a Landan a 1921. A 1960 aka buɗe kwamiti na musamman kan marubutan da ke ɗaure, daga baya aka keɓe musu ranar 15 ga Nuwamba ta kowace shekara. Aikin kuwa na alƙalami ne: wasiƙun koke ga gwamnatoci, katin gaisuwa zuwa gidan yari, da ɗan tallafi ga wanda ya tsere daga ƙasarsa.

Wani zai ce, me takarda za ta yi wa mai bindiga? Gaskiya ne, ba kullum take ceto ba. Duk da kiraye-kirayen PEN, gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, tsohon shugaban ƙungiyar marubutan Najeriya ta ANA, a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Amma duniya ta ji, har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth.

Burin mai danniya shi ne a manta da wanda ya kulle. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka marubutanmu su riƙe juna tun kafin a ƙwanƙwasa ƙofar wani cikin dare.