Kafin Ka Zuba Kuɗin Rake a Mustang, Wa Zai Saye Ta a Hannunka?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Daga nan Gubuchi nake magana, a ƙaramar hukumar Makarfi, ina kuma gaida mutanenmu na Ikara, Kudan, Hunkuyi da Tashar Yari.

Yau maganar mota za mu yi, motocin gudu na 'yan gayu ɗin nan masu ƙofa biyu: Mustang, Camaro, Challenger, da su Benz da BMW masu kwanciya a ƙasa. Kun san yadda abin yake a yankinmu. Da an fara saran rake, manyan motoci sun fara lodi, kuɗi kan shigo hannun matasa a dunƙule. Wani kuma kirifto ce ta fashe masa, wani gado aka raba. Sai ka ga mutum ya kwana yana kallon bidiyon mota a TikTok, gari na wayewa ya kira dillali a Kaduna ko Kano.

Cikin saƙonnin da kuka turo, akwai tambaya ɗaya da ta yi ta maimaituwa: "Dillali ya ce min mota ba ta faɗuwa a Najeriya, in na hau shekara biyu zan sayar har da riba. Gaskiya ne?"

To, bari mu ɗauko biro da takarda.

Gaskiya ne lambar da ake kira tana hawa. Motar da aka sayar miliyan 12 a farkon 2023, yau kana iya jin an yi mata kuɗi miliyan 18. Amma me ya faru a tsakani? A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. A watan Yunin shekarar gwamnati ta saki naira, ta bar kasuwa ta yi mata farashi, kafin a shiga tsakiyar 2024 dala ta haura naira 1,500. Yanzu mu ƙaddara, misali kawai nake bayarwa, ka sayi motar miliyan 12 lokacin dala tana 750. Dala 16,000 ke nan ka biya. Ka zo ka sayar miliyan 18 dala tana 1,500, dala 12,000 ke nan ka karɓa. A baki ka ci ribar miliyan 6. A zahiri dala 4,000 ta tafi, wato miliyan 6 ɗin ce ka yi asara a canjin ranar. Ka gane? Naira ce ta faɗi da gudun da ya fi na motar, shi ya sa ba ka ga faɗuwar motar ba.

In lissafin dala ya yi maka nisa, auna da abin da ka sani. Ranar da ka sayi motar, buhun taki nawa kuɗin zai saya? Fili nawa a Makarfi? Sa nawa? Ranar da za ka sayar, sake yin wannan lissafin. Amsar da ta fito ita ce ainihin darajar motarka.

Kuma fa ban sa kuɗin mai ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 lita ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mustang GT injinta silinda takwas ne, lita 5.0. Wannan ba shan mai take yi ba, malam, kwankwaɗa take yi. Mai saye na gaba ma ya san da haka, kuma da shi zai yi maka tayi.

Wannan ya kawo ni kan asalin abin da nake so ku tafi da shi yau. Kuɗin mota ta hannu, yawan masu nemanta ne yake tsayar da shi. Ka sa Corolla a kasuwa, ko Camry, ko Honda ɗin nan da ake ce wa "Discussion", ko Golf, ko Sharon. Su wa za su taya? Malamin makaranta, ɗan kasuwa, ma'aikacin asibiti, direban haya mai jigila tsakanin Zariya da Kano, magidanci mai iyali. Ko rana ɗaya ba za a yi ba waya za ta fara ƙara. In wani ya taya da wulaƙanci, ka ce albarka, don ka san wani yana tafe.

Yanzu sa mota mai ƙofa biyu a kasuwa. Mai iyali ba ya so, don kujerar baya ko yaro ɗan firamare sai ya takure. Ɗan haya ba ya so. Manomi ba ya so, don buhu biyu ba za su shiga but ɗinta ba. Dattijo mai kuɗi kuwa Prado ko Hilux yake nema. Wa ya rage? Matashi irinka, mai sha'awa irin taka, wanda kuma yake da miliyoyi a hannu a daidai wannan watan. Su nawa ne daga Ikara zuwa Kudan? Dole ka kai ta Kaduna, Kano ko Abuja, ka ajiye wajen dillali, ta yi wata uku, wata shida tana shan rana da ƙura, batir ya mutu, taya ta sace. Ranar da buƙata ta taso, ko aure, ko rashin lafiya, ko damina ta kama ba kuɗin taki, kai ne za ka kira dillali kana cewa a sallama ko nawa ne. Ga la'adarsa kuma sai ya cira.

Sai maganar hanya. Waɗannan motocin don shimfiɗaɗɗen titi aka ƙera su. Bambarsu ta gaba tana dab da ƙasa, tayarsu siririya ce, rim ɗin kusan a waje yake. Kan babban titin Zariya zuwa Kano za ka ji daɗinta, ban musa ba. Amma ai sai ka sauka daga kwalta kafin ka isa gida. Hanyar burji da manyan motocin rake suka tattaka, ga ramuka, ga taɓo da damina. Rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim. Kowane karce a ƙarƙashin bamba, mai saye zai durƙusa ya gani, kuma zai cire kuɗinsa.

Ga kuma gyara. Me ya sa har gobe ake ganin Peugeot a titunanmu? Tun 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa ta a Kaduna, makanikai suka tashi a cikinta, kayanta suka cika ko'ina. Haka Toyota da Honda: ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, da wuya ka fito ba ka samu abin da kake nema ba, sabo ko na Beljiyam. Amma fitilar Camaro fa? Gilashin gaban Challenger fa? Wani lokacin sai an aika Ladipo a Legas, wani lokacin sai an yi oda daga Amurka ko Dubai, da dala, ka jira makonni. Ogan garejin unguwarku mutumin kirki ne, amma in bai taɓa buɗe irin injin ba, a kan motarka zai koya. Mota kuwa da an ce "an taɓa injinta", kuɗinta ya sauka ke nan har abada.

Akwai abin da dillalai ba su cika son a tono ba: daga ina motar ta fito? Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke shigowa ƙasar nan daga gwanjo ake sayo su, irin su Copart da IAAI. Can ne kamfanonin inshora suke zubar da motocin da suka yi hatsari, ko ambaliya ta cinye, waɗanda suka ga gyaransu bai biya ba. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Motar gudu kuma, ka tambayi kanka, wane irin tuƙi mai ita na farko ya yi mata? A shigo da ita, a buga, a yi fenti, ta fito tana ƙyalli. Motar da ta sha ruwa tana iya yin wata shida lafiya lau, daga nan wayoyi da kwamfutar cikinta su fara hauka. Kai ba ka bincika ba lokacin saye, amma wanda zai saya a hannunka yana iya sa lambar VIN a waya, hotunan motar a ragargaje su fito masa. Nan take ciniki ya watse, ko a raba kuɗin biyu.

Haka takardun kwastam. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma kowa ya san ba a daina bin hanyar Kwatano ba. In ka ga araha ta yi yawa, duba takardun duti. Mota mai ɗaukar ido ita ake fara tsayarwa a hanya, kuma wadda ba ta da cikakkun takardu ba mai hankalin da zai saye ta da daraja.

Wani zai ce, ai muna gani a intanet tsofaffin motoci suna tsada. Haka ne. A 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO a gwanjo kan dala miliyan 48.4. A 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR kan yuro miliyan 135. Amma GTO ɗin guda 36 kacal aka ƙera, ita kuwa waccan Benz ɗin guda 2 ce a duk duniya. A ɗaki ake ajiye su, ba a zuwa cefane da su. Mustang fa? Tun a 2018 kamfanin Ford ya yi bikin ƙera ta miliyan 10. Ko da dillali ya ce maka an daina ƙera Challenger da Camaro, don haka za su yi tsada, gaskiya ne an daina, amma da aka ƙera suna nan birjik a Amurka, gobe ma wani jirgin zai sauke su a Legas.

Ban ce kada kowa ya hau abin da ransa yake so ba. Wanda Allah ya hore wa, ya sha daɗinsa. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka ƙudurta sai ka saya, ga shawarata:

Na ɗaya, karɓi lambar VIN, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Bincika ta a Google, in da hali ka biya a ciro maka rahoton Carfax.

Na biyu, je da makanikenka, ba na dillali ba. A sa mata kwamfuta, a ɗaga ta a duba ƙarƙashi, a ɗaga kafet a duba tsatsa da busasshen taɓo.

Na uku, a tantance takardun duti a ofishin kwastam kafin ka tura ko sisi.

Na huɗu, kafin ka biya, kira wani dillalin daban ka ce kana da irin wannan motar za ka sayar, nawa zai ba ka yau-yau? Tazarar da ke tsakanin tayinsa da kuɗin da ake neman ka biya, ita ce asararka ta ranar farko.

Na biyar, ware kuɗin gyara da mai na shekara guda a gefe. In ba su ragu ba bayan sayen, motar ta fi ƙarfinka tukuna.

Na ƙarshe kuma, wanda ya fi min duka: kada a sayar da gona ko a taɓa jari saboda ita. Fadamar rake duk shekara tana ba ka wani abu, kuma ko yau ka ce za ka sayar, maƙwabcinka na gona ma zai taya. Mota kuwa kullum karɓa take yi.

Nan za mu dakata. Wanda ya taɓa sayar da irin wannan motar a cikinku, ya faɗa mana wata nawa ta yi a kasuwa kafin ta shiga, kuma buhun taki nawa kuɗin ya saya. A tura wa abokin nan da ya dame ku da bidiyon Mustang. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu a hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.