Dareta da Tambayar Jari-Hujja: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamiti ya ce in yi magana a kan jari-hujja da gurguzu a wannan zamani. Ni ma'aikacin gwamnati ne, don haka malamaina za su yi mini afuwa idan na taka a hankali. Kuma ba sai mun je Mosko ko Landan neman misali ba, tunda ga Dareta nan a ƙasar Anka.

Bayan rikicin bankunan Amurka na 2008, masu kuɗin duniya suka ruga sayen zinari don ɓoye dukiyarsu, har oza ɗaya ta haura dala 1,200 a 2010. Wannan farashi da ake yankewa a Landan shi ne ya biyo dillalai har ƙofar gidajenmu. Manomi ya ajiye fartanya ya shiga rami, aka riƙa kawo dutse cikin gida, mata na dakawa, injin niƙa na tayar da ƙura inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A watan Maris na 2010 likitocin MSF suka lura da yawan mutuwar yara, bincike ya tabbatar gubar dalma ce a Dareta, da 'Yargalma ta Bukkuyum, da Abare, da Bagega da wasu ƙauyuka. Yara wajen 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Mai sayen zinarin ya biya kuɗin abin da ya hau sikeli kurum. Kuɗin magani, da kankare ƙasar gidaje, da yaron da ya rayu amma kwanyarsa ta taɓu, duk ba su cikin lissafinsa. A nan nake ganin ainihin halin jari-hujja.

To, wani zai ce maganin shi ne gwamnati ta mallaki kome. Sai dai a takarda an riga an yi haka: tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Me wannan ya tsinana wa Dareta? Bagega sai da ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin tsabtace ta, shi ma bayan matasa sun yi ta kururuwa. Iyayenmu da ke zaune nan ba su manta Bakolori ba. Madatsar ruwa ce ta gwamnati, da sunan raya ƙasa aka gina ta, amma a watan Afrilu na 1980 manoman da ke neman diyyar gonakinsu da bindiga aka amsa musu. Haka a 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. A nawa ganin, dokar ta ƙara jefa mai haƙa ne a hannun wanda zai saye shi da araha a ɓoye.

Saboda haka gurguzun da ake shiryawa a ofis a aiko wa ƙauye, irin wanda ya rushe da Tarayyar Sobiyet a 1991, ba shi nake kawo muku ba. Na fi karkata ga darasin Malam Aminu Kano da NEPU tun 1950, wato talaka ya san haƙƙinsa, ya haɗa kai da ɗan'uwansa. Da wannan ne gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Mu ma da gayya da adashi muka tashi, ba baƙon abu ba ne.

Ita dokar 2007 ɗin ta yarda ƙungiyar gama-kai ta ƙananan masu haƙa ta nemi lasisi. Ƙungiya tana iya abin da mutum ɗaya ba zai iya ba: wurin niƙa a bayan gari nesa da yara, niƙa da feshin ruwa don kashe ƙura, wurin wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, sikeli nata na kanta, da sanin farashin ranar kafin dillali ya buɗe baki. A 2025 oza ta wuce dala 4,000, kun ga kwaɗayin bai ragu ba. Na san matsalar tsaro ta sa ko taruwa ma wuya take yi, kuma ƙungiya kan faɗa hannun mai kuɗi guda ya mayar da sauran leburori, shi ya sa littafin kuɗi dole a riƙa karanta shi a gaban kowa.

A cikinmu akwai lauyoyi, akawu, ma'aikatan lafiya da masu aiki a ofishin rajistar ƙungiyoyi. Shawarata ga shugaba ita ce, kafin mu watse yau a naɗa mutum biyar da za su taimaki ƙungiya guda ɗaya a gundumar Anka ta yi rajista, ta cike takardun lasisi, ta tsara littafinta, kyauta, su kawo mana rahoto a taron baɗi. Ina roƙon sakatare ya fara rubuta sunana.