Mu Saurari Kiɗan Wasu, Mu Riƙe Namu



An roƙe ni in yi magana a kan nazarin kiɗe-kiɗen al'umman duniya, na gargajiya da na zamani. Wani zai ce, ina ruwan ikkilisiya da wannan? Bari in ba ku misali uku.

A ƙasar Hangari, tun wajen 1906, Bela Bartok da abokinsa Zoltan Kodaly suka yi ta zaga ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, suna tattara waƙoƙin manoma. Dubban waƙoƙi suka tsira, Bartok kuma ya gina sabon kiɗansa a kansu.

A Gana, Ephraim Amu, malamin kwalejin mishan a Akropong, ya zauna a gaban makaɗan gargajiya ya koyi ganga da sarewa. Shugabannin ikkilisiya ba su ji daɗi ba, har ya rasa aikinsa a shekarun 1930. Yau Gana tana girmama shi.

A Kongo, a 1958, Fada Guido Haazen da yaran kwayarsa a Kamina suka rera Missa Luba, kalmomin sujada na Latin a kan ganguna da muryoyin ƙasarsu. Duniya ta saurara.

Duk ukun, abin da ake rainawa a gida shi ya zama dukiya.

Mu fa? Hausa da yawancin harsunanmu suna da karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. In muka ɗora kalmominmu a kan muryar waƙar Ingila, wani lokaci ma'ana takan karkace. Tsofaffin mawaƙanmu sun san yadda murya ke bin magana, amma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wa zai gaji mai molo da mai kundung?

Ban ce a jefar da jita da piyano ba. Zabura 150 ta jera ƙaho, garaya, ganga da kuge tare.

Roƙona ke nan: kowace ikkilisiya ta zaɓi matasa biyu su ziyarci tsofaffi da wayar hannu, su ɗauki waƙoƙinsu, su rubuta harshen da lokacin da ake rera kowace. Dattawa su tace abin da ya shafi tsafi. Zumuntar Mata su koya wa yara sauran. Mu fara kafin damina ta sauka.

Allah ya taimake mu. Amin.