Baƙin Tabo A Tafin Ƙafa

Yau zan yi muku magana a kan wani irin ciwon daji na fata, wanda likitoci ke kira melanoma. Ya fi kama manya, amma samari da 'yan mata ma yana kama su.

A cikin fatar kowane mutum akwai 'yan ƙwayoyi masu ba ta launi. Idan suka lalace, suka yi ta haihuwa ba tsayawa, shi ne wannan ciwo. Turawa ya fi damu, don zafin rana yana ƙona fatarsu. Mu baƙaƙe bai cika kama mu ba. In ya zo kuwa, yakan ɓuya a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce.

Ga alamunsa. Baƙin tabo wanda ba a haife ka da shi ba, kullum yana ƙara girma. Gefensa ba daidai ba, launinsa ya rarrabu. Ku dubi gindin fensirin da ke hannunku. Tabon da ya fi shi faɗi abin kai wa likita ne. Haka kuma gyambon da ya ƙi warkewa. Da fari ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi.

Bob Marley, mawaƙin Jamaika, an ga nasa a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa a 1977. Likitoci suka ce a cire yatsan, bai yarda ba. Ciwon ya bazu, ya rasu a 1981, yana da shekara 36.

To, amma ana warkewa. A Amurka, cikin mutum 100 da aka gano nasu tun bai bazu ba, wajen 99 ciwon bai kashe su ba cikin shekara 5. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga yadda aikin yake. Likita zai ɗebi ɗan yanki a duba. In shi ne, sai a yanke tabon duka, har da lafiyayyar fatar da ke kewaye. Wani lokaci a ɗebo fata daga cinya a rufe wurin. Za a duba matsematsi ko hammata, ko akwai kaluluwa. Tun daga 2011 an sami sababbin magunguna na wanda nasa ya bazu, amma suna da tsada ƙwarai. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ƙona. Jinkiri ke ba ciwon hanya.

Saurayin da aka yi wa aiki zai yi makonni yana dogara sanda. Zai ji tsoro, zai ga tsararsa sun tafi gona sun bar shi. Ku zauna da shi, ku ci abinci tare, ku yi masa gayya. Ciwon nan ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wurin wani. In ya warke zai yi noma, ya yi aure.

Sai dai ya riƙa komawa asibiti shekara da shekaru, don ciwon yakan dawo. Ku da kuka iya karatu, ku karanta masa ranar da aka rubuta a katinsa.

Yau da kun je alwala, kowa ya ɗaga ƙafarsa ya duba. Allah ya ba mu lafiya, amin.