Ina Za Ta Yi Yaji? Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Jama'a

 

Maganar da muka zo da ita yau tana da nauyi a baki, amma dole a faɗe ta. A gida Arewa, in miji ya ɗaga wa mace hannu, sai ta ɗauki mayafinta ta yi yaji, manya su zauna, a tsawata masa, sannan a yi biko. To, mu nan Ikko fa? Gidan iyayenta yana Kano ko Sakkwato, tafiyar kwana guda a mota.

Annobar korona ce ta nuna mana girman wannan matsala. Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Kasuwa ta tsaya, aljihu ya bushe, ga miji da mata da yara a ɗaki ɗaya dare da rana. Mai saurin hannu ya huce a kan matarsa, ita kuwa ba tasha, ba mota. Abin ya yi ƙamari har a watan Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafin mata.

A wancan lokaci masu neman mafaka sun ƙaru, alhali gidajen da ke karɓar matan da aka daka ƙalilan ne. Ɗaya daga ciki shi ne Sophia's Place, wanda ƙungiyar Project Alert ta buɗe nan Legas a 2001. Irin waɗannan gidaje da gudummawa suke tafiya, kuma ga 'yarmu da ke nesa da dangi, su ne gidan yajinta.

Wani zai ce ai sirrin aure ba a kai shi waje. Gaskiya ne, amma rai ya fi sirri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, a ware wani abu daga kuɗin wata domin tallafa wa waɗannan gidaje. Na biyu, 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege su riƙa ba da shinkafa, wake da albasa. Na uku, a samu matanmu masu jin Turanci ko Yarbanci su riƙa yin tafinta, don kada rashin harshe ya hana 'yar uwarmu faɗin abin da ya same ta.

Kada mu jira sai wata annobar ta zo. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya.