Yawon Sallah da Ƙaramin Yaro



Duk wanda ya bi ta Zoo Road a Kano ranakun Sallah ya san irin cincirindon da ake yi a ƙofar Gidan Zoo, wanda aka gina tun zamanin Gwamna Audu Bako. Yara ne maƙil, sun ci ado, kowa na ɗokin ganin zaki da jimina.

Abin da ke damuna shi ne, da yawansu ba babba a tare da su. Sai ka ga yarinya 'yar shekara 10 ta goyo ƙaninta, tana jan wani a hannu, rana na dukansu, 'yan adaidaita sahu na wucewa ta gefensu. Ɗan shekara 3 kuwa, idan ya saki hannu a turmutsutsu, ko sunan unguwarsu ba zai iya faɗa ba.

Malam, ranar nan taka ce. Kai ɗanka da kanka, ka ɗora shi a wuya ya hango biri da kyau, ya yi ta tambaya kana amsawa, ko da ya maimaita sau goma. Ku fita da hantsi kafin rana ta take, da ruwan sha a jaka, sannan ka rubuta lambar wayarka a takarda ka saka masa a aljihu.