Minshari da Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci: Gudummawar Likitan Haƙori

 

Mas'alar da aka umurce ni in yi bahasi a kanta yau, wato minshari, tana daga cikin abubuwan da jama'armu suka ajiye a babin raha, har akan ɗauka cewa mai jan minshari ya fi kowa samun barci mai daɗi, alhali kuwa a cikin waɗannan da ake yi wa dariya akwai bayin Allah masu yawa da numfashinsu ke yankewa sau ɗaruruwa kafin asuba ba tare da sun sani ba. Muradina shi ne in bayyana muku yadda wata 'yar na'ura da likitan haƙori ke ƙerawa, wadda ba ta fi a rufe ta cikin tafin hannu ba, ta shiga sahun magungunan wannan cuta, da dalilin da ya sa nake ganin ta dace da halin da muke ciki, tare da sharuɗɗan da in an keta su amfaninta kan rikiɗe ya zama cutarwa.

Hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa huhu, galibinta an tokare ta da ƙashi ko guringuntsi, in ban da wani ɗan yanki a bayan harshe da ƙarshen ganɗa, inda tsoka ce kaɗai ke riƙe da ita a buɗe. Muddin mutum na farke, tsokar nan a ɗame take. Amma da zarar barci ya yi nauyi sai ta saki, harshe ya koma baya, musamman ga wanda ya kwanta rigingine, hanya ta ƙuntata, iska ta riƙa kaɗa naman maƙoshi da beli yayin wucewarta, daga nan ƙarar minshari ke fitowa. Idan ƙuncin ya kai ga toshewa baki ɗaya, za ka ga ƙirjin mutum na kai da komowa amma iska ba ta shiga, iskar oksijin na raguwa a cikin jini, har sai ƙwaƙwalwa ta zabure shi na ɗan lokaci, ya yi firgigit ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma barci, gari ya waye bai tuna kome ba. Likitoci sun yi ittifaƙi a kan ma'aunin wannan: ana ƙirga duk yankewar numfashi, ko raguwarsa sosai, da ta kai daƙiƙa 10, in ta faru sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya, cutar mai sauƙi ce, 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani.

Wanda jikinsa ke shan wannan wahala kowane dare, shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne a same shi da hawan jini da ya ƙi jin magani, ko rikicewar bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Kafin a kai can kuwa, yana fama da ciwon kai da safe, da yawan tashi fitsari da dare, da mantuwa, da gyangyaɗin da kan kama shi a ofis ko a sahun masallaci ana tsakiyar huɗuba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne direban babbar mota da ke ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, yana ta cin goro yana shan shayi don korar barcin da ba ya koruwa, rayukan mutane kuwa amana ne a hannunsa. Wani ƙiyasi da masana suka buga a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi a 2019 ya nuna cewa mutum kimanin miliyan 936, 'yan shekara 30 zuwa 69, na ɗauke da wannan cuta a duniya, miliyan 425 daga cikinsu kuma tasu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani.

Ilmin nan bai daɗe a hannun likitoci ba. Sai a 1965 ne Henri Gastaut da abokan aikinsa a Faransa, da wasu masana a Jamus, suka tabbatar ta hanyar auna masu barci cewa toshewar maƙoshi ce ke tsinka barcin irin waɗannan mutane, kuma shekaru da yawa bayan haka maganin da aka dogara da shi ga mai tsananin cuta shi ne a huda maƙogwaro a wuya, iska ta riƙa shiga ta nan. A 1981 Colin Sullivan, wani likita a birnin Sidni na Ostareliya, ya bayyana dabarar injin da ke hura iska ta hanci a hankali don ta tokare hanyar, wanda ake kira CPAP, kuma har yau babu abin da ya kai shi buɗe maƙoshi. Wajibi ne in faɗi wannan a fili, domin kada wani ya fita daga zauren nan yana zaton na zo rage masa daraja. Sai dai injin na bukatar wutar lantarki tun daga kwanciya har wayewar gari, da abin rufe hanci da ake ɗaurawa a fuska, da tiyo, kuma ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa marasa lafiya da yawa kan gaji su ajiye shi.

Ita kuwa dabarar likitan haƙori ta girmi injin nesa. Tun 1902 wani likitan baki a Faris mai suna Pierre Robin ya ƙera abin da ake sa wa yara masu ƙaramin muƙamuƙi a baki don ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba, bayan haka kuma ya yi bayanin yadda harshe ke faɗawa baya ya toshe numfashi a irin yaran nan. An yi shekaru ba a kula da wannan ga manya ba, sai a 1982 Rosalind Cartwright da Charles Samelson a Amurka suka ba da rahoton wata na'urar roba mai zuƙo harshe gaba ta riƙe shi, daga nan ƙofa ta buɗe, har aka kai ga irin wadda ta fi yaɗuwa a yau.

Hikimar da ke cikinta mai sauƙin ganewa ce ga duk wanda ya san cewa babbar tsokar harshe a ƙashin haɓa ta ciki take kafe, saboda haka in an jawo muƙamuƙin ƙasa gaba dole harshe ya biyo shi, naman gefen maƙoshi ya ɗame, hanya ta ƙara faɗi. Masu sa barci a ɗakin tiyata ma haka suke yi da hannuwansu ga wanda numfashinsa ya toshe. Likita zai ɗauki awon haƙoran mutum, sama da ƙasa, a ƙera masa marufi biyu na roba mai ƙarfi waɗanda suka hau haƙoransa daidai, a haɗa su da ƙugiya ko kusa ko ɗan maɗauri, ta yadda na sama zai zama madogara, na ƙasa kuma ya tsaya gaba da inda ya saba. Ba a turo shi gaba ɗaya rana guda. Akan fara da kimanin rabin iyakar abin da mutum ke iya turowa da kansa, sa'an nan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, abin da bai fi milimita ɗaya ba, cikin makonni, har a kai matsayin da numfashi ya daidaita muƙamuƙi kuma bai wahala ba. Wannan haƙurin daidaitawa shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da babu shi a cikin irin waɗanda ake sayarwa a kanti ko ta intanet, a ce ka tsoma a ruwan zafi ka ciza. Wani bincike da aka yi a Beljiyam a 2008 ya gwada iri biyun, ya tarar wadda aka ƙera bisa awon mutum ta fi amfani ƙwarai.

To, mene ne hujja a kan amfaninta? Adalci shi ne a ce ba ta yi wa kowa aiki. A bisa ƙiyasi, cikin kowane mutum uku, ɗaya numfashinsa kan daidaita sarai, ɗaya ya sami sauƙi mai yawa, ɗaya kuwa ba ta yi masa wani abin kirki ba, kuma ta fi karɓar marasa ƙiba sosai da masu cuta mai sauƙi ko matsakaiciya. Amma akwai wani nazari da aka buga daga Sidni a 2013 wanda nake so ku yi tadabburi a kansa: an ba marasa lafiya injin wata ɗaya, an ba su na'urar baki wata ɗaya, sai aka ga injin ya fi rage yankewar numfashi, na'urar kuwa an fi kwana da ita, kimanin awa shida da rabi a dare a maimakon awa biyar da ɗan wani abu, kuma da aka auna hawan jini da gyangyaɗin rana da iya tuƙi sai sakamakon ya zo kusan ɗaya. A 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka da takwararta ta likitocin haƙori suka fitar da matsaya ta haɗin gwiwa, cewa a ba mai minshari zalla wannan na'ura in ya nemi magani, a kuma ba mai ɗaukewar numfashi wanda ya kasa jure injin ko ya zaɓi waninsa, da sharaɗin ta zama ƙirar ƙwararren likitan haƙori, mai karɓar daidaitawa.

Idan muka dubi halinmu, inda wuta kan ɗauke tsakar dare, man janareta ya yi tsada, injin da kayan gyaransa kuma sai an yo odarsu daga waje, za mu ga cewa abin da ba ya bukatar wuta, ba ya ƙara, yana shiga aljihun matafiyi, direba ya tafi da shi tasha, alhaji ya tafi da shi Mina inda jama'a ke kwana tanti ɗaya, abu ne da ya kamata mu ba shi muhimmanci fiye da yadda mutanen Turai suka ba shi. Wannan ne ra'ayina, kuma ina faɗinsa da yaƙini.

Amma ina gargaɗi da babbar murya a kan abu guda. Na'urar nan tana iya kashe ƙarar minshari ta bar yankewar numfashi yadda take, sai iyali su yi murna an sami shiru, mai cuta kuma ya ci gaba da cutuwa a ɓoye, tamkar wanda ya ɗaure bakin kare alhali ɓarawo na cikin gida. Saboda haka bai halatta ga likitan haƙori ya ƙera ta ba sai an yi wa mutum gwajin barci, a asibiti ko da na'urar awo ta gida, an san nau'in cutarsa da tsananinta, domin akwai wata ɗaukewar numfashi da asalinta daga ƙwaƙwalwa ne, wadda turo muƙamuƙi ba ya yi mata kome. Bayan an gama daidaitawa kuma a sake gwajin tana baki, don a tabbatar da awo, kada a dogara ga shaidar kunne kaɗai.

Tana da nata illoli. A makonnin farko akan sami dalalar miyau ko bushewar baki, da tsamin haƙora, da ciwon gaɓar muƙamuƙi kusa da kunne, galibi kuma suna wucewa. Da asuba mutum kan ji haƙoransa ba su haɗuwa yadda ya saba, sai ya ɗan motsa muƙamuƙi ko ya ciza wani ɗan abu da ake ba shi kafin su koma. Illar da ba ta wucewa ita ce gocewar haƙora a hankali cikin shekaru, na sama su ɗan karkata ciki, na ƙasa su ɗan yi gaba, shi ya sa komawa wurin likita bayan wata shida, sa'an nan shekara-shekara, ya zama wajibi. Tun da kuwa haƙora ne madogararta, wanda giɓi ya yi masa yawa, ko dasashinsa ke ciwo haƙoransa na girgiɗa, sai an fara gyara masa baki tukuna. Wanda ba shi da haƙora kuwa ana iya jarraba masa mai riƙe harshen nan.

Yara ba sa cikin wannan bayani, domin minsharinsu galibi daga kumburin naman maƙoshi da na bayan hanci yake, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. A nan nake roƙon iyayenmu su bar kai yaro ko babba wurin wanzami a cire masa beli da sunan maganin minshari, domin toshewar ba a beli kaɗai take ba, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Rage ƙiba, da barin taba da giya da ƙwayoyin sa barci, da kwanciya ta gefe, wadda mu Musulmi muka gada a sunna, duk suna taimakon kowane magani aka zaɓa.

Ina kira ga tsangayoyin da ke koyar da likitancin haƙori a arewacin ƙasar nan, irin na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Maiduguri, su ba wannan fanni gurbi mai faɗi, su horar da masu ƙera haƙora a kan wannan na'ura, asibitocin koyarwarmu kuma su yawaita kayan gwajin barci, likitan ƙirji da likitan haƙori su riƙa miƙa wa juna marasa lafiya. Ku kuma iyayenmu mata, da duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai minshari, ku ne shaidun da likita ke bukata, tun da mai cutar bai san abin da ke faruwa da shi ba. In kun ji minsharin ya yanke, shiru ya biyo baya, sa'an nan ya zabura yana haki, ku ɗauki sautin a waya, ku lallashe shi da girmamawa, ku raka shi asibiti.